An Gwada Ba A Ga Kome Ba, Amma Jiki Ya Ƙi Daɗi

Maganarmu ta yau a kan wani abu ce wanda malaman ɗakunan shan magani na ƙasar Gusau da Tsafe da Bungudu su kan gamu da shi kowace shekara, tun ba ma in hunturu ya kama ba. Mura ta shiga gida. Yaro ya fara, ta koma kan ƙanensa, ta kama uwarsu. Ana nan sai maigida shi ma ya wayi gari da ciwon kai da zazzaɓi, gaɓoɓi sun yi nauyi, maƙogwaro yana ƙaiƙayi. Ya tafi ɗakin shan magani, malamin asibiti ya soki yatsansa, ya ɗiga jinin a kan wata 'yar farar roba, ya jira kamar minti 15 ko 20, sa'an nan ya ce, "Ba a ga kome ba."

Daga nan mutane su kan rabu kashi uku. Wani ya ce malamin bai iya aikinsa ba, ya wuce kemis a yi masa allura. Wani ya ce tun da asibiti ba ta gani ba, ai ba ciwon asibiti ba ne, sammu ne ko iska. Wani kuwa ya ce to, lafiyarsa ƙalau ke nan, ya shiga mota ya tafi kasuwa yana tari a cikin mutane. Duk su ukun sun yi kuskure, kuma tushen kuskuren ɗaya ne, watau ba su san abin da gwajin ya ke nema ba.

KOWANE GWAJI DA ABIN DA YA KE NEMA

Tarkon ɓera ba ya kama tsuntsu. In ka ɗana shi a bakin rumbu ka tarar da shi wayam da safe, abin da ka sani shi ne ɓera bai faɗa ba. Ba za ka ce babu abin da ke cin hatsinka ba.

Haka gwajin yatsa ya ke. An yi shi ne domin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kaɗai. In layi biyu suka fito, akwai alamar ƙwayar a jini. In layi ɗaya ne, ba a same ta ba. Bai san mura ba, bai san ciwon huhu ba, bai san korona ko ƙyanda ko sanƙarau ba. Saboda haka in malamin asibiti ya ce ba a ga kome ba, ma'anarsa ita ce ba a ga zazzaɓin cizon sauro ba. Ba cewa ya yi ƙarya ka ke yi ba, ba kuma cewa ya yi ba ka da ciwo ba. Ruwa ba ya tsami banza. Zazzaɓi alama ce ta cewa jiki yana faɗa da wani abu, kuma abubuwan da kan ta da shi suna da yawa.

A dā kowane zazzaɓi sai a ba shi maganin cizon sauro. A shekarar 1950 ko 1960 ba laifin kowa ba ne, domin sai babban asibiti ke da madubin likita. Amma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa gwadawa kafin a ba da magani, saboda an gane yawancin zazzaɓin da a ke kawowa, musamman da rani, ba na sauro ba ne. Ga shi kuwa a ƙasarmu ta Zamfara ƙarfin cizon sauro da damina ne zuwa kaka. Shi ya sa a ke bi gida gida ana ba ƙananan yara maganin rigakafinsa wata wata a lokacin ruwa. In an shiga Disamba da Janairu sauro ya ragu, sai mura da tari su karɓi fili.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a sani. Wanda ya yi zazzaɓin cizon sauro ya sha magani ya warke, gwajin yatsa ya kan ci gaba da nuna layi biyu har mako biyu ko fiye. To, kun ga yaro zai iya zuwa da ciwon huhu, gwaji ya nuna layi biyu na tsohon ciwo. Don haka malamin kirki ba ya tsayawa a kan robar nan kaɗai, sai ya dubi numfashi, ya dubi maƙogwaro da kunne, ya tambayi wane ne ba shi da lafiya a gida. Ku gaya masa gaskiya, domin labarin gida rabin bincike ne.

ƘWAYOYIN DA KE KAWO MURA

Ƙwayoyin cuta iri iri ne. Akwai waɗanda a ke kira bakteriya, su ne masu kawo tarin fuka da mashaƙo da sanƙarau da yawancin ciwon huhu mai tsanani. Waɗannan ana iya ganinsu da madubin likita, kuma akwai magungunan da ke kashe su. Akwai kuma waɗanda a ke kira bairas, waɗanda suka fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, har madubin likita na asibiti ba ya nuna su. Su ne ke kawo mura da ƙyanda da korona. Masu kawo mura kaɗai sun fi iri 200, shi ya sa mutum zai yi mura a Nuwamba ya sāke yin wata a Fabrairu.

Ba ƙura ce ke haifar da su ba, ba kuma sanyi ba. Daga mutum su ke fitowa su shiga mutum, ta tari da atishawa da numfashi, da hannun da ya share majina ya taɓa ƙoƙon sha. Abin da hunturu ke yi shi ne ya busar da hanci da maƙogwaro, ƙura ta gurje su, sa'an nan sanyi ya sa a toshe taga a rufe ƙofa, mutum shida ko bakwai su kwana suna shaƙar numfashin juna.

Galibin ƙwayoyin nan babu gwajinsu a ɗakin shan magani na ƙauye, ba kuwa a bukatarsa. A watan Satumba na 1918 wata babbar mura ta sauka Ikko daga jirgin ruwa, ta bi hanyar jirgin ƙasa da ta fatake ta ratsa ƙasar nan, ta kashe dubban ɗaruruwan mutane. Ba wanda ya taɓa ganin ƙwayarta a lokacin, sai a 1933 masana a Ingila suka fara ware ƙwayar irin wannan mura daga jikin mutum. Rashin ganinta bai hana ta kisa ba.

IN AN YI GWAJIN HANCI BAI NUNA BA FA?

Cutar korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. An tabbatar da ita a Ikko ran 27 ga Fabrairu 2020, ta iso Zamfara a watan Afrilu na wannan shekara. Da farko ɗakunan gwajinta biyar ne kawai a duk Nijeriya, sai an ɗebi majina an kai wani gari, a jira kwanaki. A watan Afrilun nan ne aka yi ta binne dattawa a Kano, yawancinsu a gida suka rasu ba a gwada su ba. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ba da sanarwa a watan Yuni cewa cikin mutum 979 da aka bincika labarin rasuwarsu, rabi ko fiye da rabi akwai alamar korona ce sanadi. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye shelar gaggawa a kan cutar, amma ƙwayar ba ta tafi ba, ta shiga sahun cututtukan da ke zagayawa cikin mutane.

Daga baya an sami gwajinta na nan take, wanda a ke sa ɗan tsinke mai auduga a hanci. To, a ce an gwada matarka ya nuna, kai kuma ga ka da irin ciwonta sak, amma naka bai nuna ba. Me ya kawo haka? Dalilai uku ne.

Na fari, lokaci. Wanda ya shuka gero jiya, in ya zaga gonar yau ba zai ga tsiro ba, amma iri yana cikin ƙasa. Ƙwayar cuta ita ma ta kan yi kwanaki tana hayayyafa kafin ta yi yawan da gwaji zai kama ta. Babbar mura ta kan nuna kanta bayan kwana 1 zuwa 4 da ɗauka. Korona galibi kwana 3 zuwa 5, wani lokaci har 14. Jikin wani kuwa, musamman wanda ya taɓa yin cutar ko aka yi masa rigakafi, ya kan fara faɗa da wuri, sai zazzaɓi ya riga ƙwayar yawa. Saboda haka a ke cewa a sāke gwajin bayan kwana biyu. Wanda kuma ya daɗe bai zo ba har ƙwayar ta ragu, shi ma nasa ba lalle ya nuna ba.

Na biyu, ɗiba. Masunci ya kan jefa ƙugiya a gulbin Sakkwato ya jawo ta ba kome, ba kuwa don gulbin ba kifi ba. In tsinken bai shiga yadda ya kamata ba, ko mai ciwo ya janye kai don zafi, ko kayan gwajin sun sha rana sun lalace, ko kwanan watansu ya wuce, sai a sami layi ɗaya alhali ƙwayar tana nan.

Na uku, watakila ciwonka dabam ne. Ƙwaya biyu ko uku su kan zaga gari a lokaci guda. Yara su kawo ɗaya daga makaranta, kai ka ɗauko wata a mota tsakanin Funtuwa da Tsafe, ko a kasuwar Gusau.

Ko wanne ne cikin ukun, hukuncin ɗaya ne. In mutanen gidanka suna tari da zazzaɓi, kai ma ka kama, ɗauka abin da ke jikinsu ne ke jikinka, ka yi abin da mai shi ya kamata ya yi, ko gwaji ya nuna ko bai nuna ba.

ABIN DA ZA A YI A GIDA

1. A huta. Mura ta kan yi ƙarfi a kwana biyu ko uku na fari, ta sassauta cikin mako guda ko kwana goma. Ɗan tarin da ke biyo baya ya kan fi haka jimawa.

2. A sha ruwa da yawa, da kunu da koko da romo mai ɗumi. Mai goyo ta ci gaba da ba da nono, ko ita ce ba ta da lafiya. Ta wanke hannu, ta rufe hanci da baki da mayafi ko takunkumi sa'ad da ta ke shayarwa.

3. Don zazzaɓi da ciwon jiki, farasitamol ya isa. Babba ƙwaya biyu, bayan awa shida ya ƙara, kada ya wuce ƙwaya takwas a kwana guda. Na yaro malamin asibiti ne zai auna gwargwadon nauyinsa. Kada a ba yaro asfirin.

4. Zuma cikin ruwan ɗumi tana lallashin tari, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Maganin tari mai kodin kuwa gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi tun 2018, kada a neme shi.

5. A buɗe taga da rana iska ta ratsa ɗaki. Mai tari ya rufe baki da ƙyalle ko gwiwar hannu, kada ya tofar da kaki a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A ware masa ƙoƙon sha da cokali, a riƙa wanke hannu da sabulu.

6. Kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, kada kuma a ta da janareta kusa da taga. Iskar da ke fita daga gare su ba ta da wari, amma ta kan sa mutanen ɗaki duka ciwon kai da jiri da amai a lokaci ɗaya, har ta yi kisa. Wannan ma gwajin yatsa ba ya ganinsa.

7. A nisanta mai ciwo daga waɗanda mura ke kayarwa, watau jarirai, da tsofaffi, da mata masu ciki, da masu ciwon suga ko hawan jini ko asma ko sikila, da yara masu tamowa. Mutum ya kan fara ba wasu ƙwayar tun kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji ciwo, kuma kwanakin farko su ne suka fi haɗari. Zuwa gaida kaka ko barkan suna ya jira sai zazzaɓi ya sauka. Abin da saurayi zai yi kwana uku ya miƙe, shi ne zai kwantar da tsohuwa ba tashi.

MAGANAR ALLURA DA KAFSO

Da yawa su kan ga kamar in an sallame su da farasitamol da shawara an rena ciwonsu. Sai su biya kemis su sayi kafso na kuɗin da ke aljihu, su sha kwana biyu su bari. Ku sani, kafso irin su amoksisilin bakteriya su ke kashewa, ba su taɓa bairas ko kaɗan. Wanda ya sha su don mura ya warke, da ma zai warke ko bai sha ba, kuɗinsa ne ya tafi. Abin bai tsaya nan ba. Bakteriyar da ke zaune a jikinsa ta kan saba da maganin, ran da ciwon huhu na gaske ya zo masa ko ya zo wa ɗansa, sai a ba da maganin ya ƙi ci. Haka kuma shan maganin cizon sauro ba tare da ƙwayar ba, ba ya ƙara kome sai ɓata lokacin da ya kamata a nemi ainihin ciwon. Malamin da ya hana ka allura bayan ya duba ka, ya san abin da ya ke yi.

ALAMUN DA BA A JIRA DA SU

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mura ta kan raunana hanyar numfashi, sai bakteriya ta bi ta nan ta sauka huhu. Wannan shi ne ciwon huhu, wanda ke cikin manyan masu kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Kowace uwa tana iya gane shi ba tare da wani gwaji ba. Sa'ad da yaro ya natsu ba ya kuka, a ɗaga rigarsa, a dubi agogo ko waya, a ƙidaya numfashinsa na minti ɗaya cif. Ya yi sauri ke nan in ya kai:

60 ga jaririn da bai kai wata biyu ba;
50 ga ɗan wata biyu zuwa wata goma sha ɗaya;
40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar.

In an sami haka a kai shi ɗakin shan magani a ranar. A nan ne amoksisilin ke da aiki, kuma a shanye shi har ƙarshen kwanakin da aka faɗa.

Waɗannan kuwa ba a kwana da su: ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki in yaro ya ja numfashi; ya kasa kama nono ko shan ruwa; yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa; jijjiga; barcin da a ke ta da shi da ƙyar; zazzaɓi ko sanyin jiki ga jaririn da bai kai wata biyu ba. Ga babba, haki yana zaune, ciwon ƙirji, jini a kaki, ruɗewar hankali, ko kuwa ya fara samun sauƙi sai zazzaɓi ya komo da ƙarfi.

Akwai cututtuka huɗu da kan fara kamar mura, kuma gwajin yatsa ba ya nuna ko ɗaya cikinsu. Sanƙarau, da zafin kai mai tsanani da sandarewar wuya, lokacinsa daga hunturu zuwa bazara. Ba mu manta da wanda ya tashi daga Zamfara a ƙarshen 2016 ba, ya shiga 2017, ya kama fiye da mutum 14,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 1,100, kuma jiharmu ce ta fi shan wuya. Mashaƙo, da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da wata fata mai ruwan toka a can cikin baki, wanda ya yi ɓarna a Kano da maƙwabtanta tun daga ƙarshen 2022. Ƙyanda, da majina da tari da jan ido, sai bayan kwana uku ko huɗu ƙuraje su feso daga fuska. Sai tarin fuka. Duk tarin da ya kai mako biyu, balle in akwai rama da gumin dare, a kai kaki a gwada. Gwajin da maganin duka kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana shan maganin wata shida a warke.

In malamin ɗakin shan magani ya ba ku takarda ya ce ku wuce Babban Asibitin Tsafe ko na Bungudu, ko Asibitin Tarayya na Gusau, ko na Yariman Bakura, ku kama hanya tun da sauran rana. Kowa ya san tafiyar dare ba ta da daɗi a hanyoyinmu, neman mota ma da tsakar dare wani aiki ne. Yaron da numfashinsa ya yi sauri da hantsi, kada a ce bari a ga abin da la'asar za ta yi.

A KOMA A SĀKE DUBAWA

Gwaji labarin ranar da aka yi shi ya ke bayarwa. In zazzaɓi ya ƙara kwana biyu ko uku bai sauka ba, a koma wurin malamin da ya fara dubawa, a tafi da takardar da ya rubuta da kwalin duk maganin da aka sha, har da na gargajiya a faɗa masa. Zai sāke gwajin yatsa, domin mai mura ma sauro yana cizonsa, sa'an nan ya duba ko wani abu ya fito wanda dā bai fito ba. Yawo daga wannan kemis zuwa wancan shi ke sa a rasa wanda ya san farkon ciwon.

A ƙarshe, iyaye ku ɗauko katin rigakafin 'ya'yanku ku duba. Alluran da a ke yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14 suna tsare shi daga mashaƙo da tarin shiƙa da manyan ƙwayoyin ciwon huhu. Ta ƙyanda a wata 9 ce, a ƙara a wata 15. Ba a biyan ko kwabo. In akwai wadda ta wuce ku, ku kai shi ranar awo mai zuwa a cike masa, kada ku bari sai tari ya shigo gida. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.